Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗiyan Wurno mazauna birane

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena, maza da mata, ɗiyan Wurno da neman abinci ko aiki ko aure ya kai ku Sakkwato da Kaduna da Kano da Abuja da Ikko, har da waɗanda suka tsallake teku, ina gaishe ku gaisuwar zumunta. Ina gajiya, ina iyali? Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma duk tsawon lokacin nan ban taɓa barin fadama ba. Da yawa daga cikinku sun zauna a gabana, wasu kan benci wasu a ƙasa, na koya muku baƙi da wasali. Saboda haka in kun ji maganata ta yi nauyi, ku ɗauke ta maganar malami ga ɗalibansa. Iyayena da suka girme ni kuwa, ina neman afuwarku tun kafin in fara.

Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami a gaban idona ya faru. Ina da maƙwabci a fadama, fangalinsa na jingine da nawa. Tun shigowar sanyi ya ɓare tafarnuwarsa ya shuka ta ƙwaya-ƙwaya, shi da yaransa, suna durƙushe daga hantsi har la'asar. Wata huɗu yana ban-ruwa yana cire ciyawa da hannu, don tafarnuwa ba ta jure ciyawa ko kaɗan. Man da ya zuba wa inji bashi ne, taki bashi ne, irin ma rabinsa bashi ne. Allah ya ba shi amfani mai kyau, kawuna manya masu tauri. Ranar da ya gama cirewa masu bin sa bashi suna tsaye a bakin gona, dillali ma yana tsaye. Bai jira ta sha iska ba ya sayar da ita duka, a daidai lokacin da kowa ke cirewa, kasuwa ta cika ta batse, kaya ba su da daraja. Ya biya bashi, ɗan abin da ya rage ya yi awon gero. Da damina ta kai tsakiya, hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai nuna ba, sai ga shi a ƙofar gidana bayan isha'i, kai a sunkuye, yana neman tiya biyu. A wannan makon kuɗin buhun tafarnuwa ya ninka abin da ya sayar da tasa, har da ɗoriya. Da na auna masa, ya tsaya jim, sannan ya ce: "Malam, mu ka noma, wasu ka ci."

Ban ga laifin ɗan kasuwar da ya saya ba. Da kuɗinsa ya saya, ya ɗauki kasadar ajiya, yana iya faɗuwa kamar yadda yake iya cin riba. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne tambayar da na yi wa kaina: garin da ya haifi alƙalai da likitoci da manyan ma'aikata da attajirai, ya kasa samun ɗaki guda inda talakansa zai ajiye kayansa wata huɗu ya jira kasuwa?

Kafin in faɗi abin da nake nema a wurinku, bari in tuna muku ko wane gari ne wannan, domin na lura yaranku da kuke kawowa da Sallah sun san sunan garin da hanyar hubbare, iyakarta ke nan.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu a 1817, shi ya kafa Wurno wajajen 1830 a kan tudun nan da ke kallon fadamar gulbin Rima, ta fuskar da yaƙi ke fitowa a wancan zamani. Ribaɗi ya yi shi, wato garin tsaro a bakin iyaka. Ya kafa wasu irinsa, kamar Gandi da Lajinge da Shinaka, amma Wurno ya zaɓa wa kansa, alhali ga Sakkwato nan wadda shi ya gina ta tun 1809. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 bai daɗe ba, a 1837 ya rasu a nan, a nan kuma aka rufe shi. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, daga nan ya tafiyar da mafi yawan mulkinsa. A zamaninsa ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Wurno a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Timbuktu, ya kuma sake biyowa a 1854 da zai koma. A 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson, wakilin kamfanin Ingila, nan ya tarar da Sarkin Musulmi Umaru. Wasiƙun sarakuna da jakadunsu daga Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa ta ƙofofin garin nan suke shigowa.

Wannan duk ana faɗa, ana alfahari da shi a wurin taro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda Bello ya fahimci ribaɗi. A asali ribaɗi tsayuwa ce a bakin iyaka, a ɗaure doki a zauna ana tsaron jama'a. To amma mutum ba ya zama inda ba abinci, kuma mayaƙi ba ya tsayawa ba maƙeri, ba baduku, ba masaƙi, ba mahauci. A wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji kan ginshiƙan mulki, Bello ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba: manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da kafintoci. Ya ce a tabbatar kowane gari yana da nasa, a ƙarfafa wa mutane neman abinci da ajiye shi, a kula da kasuwanni da hanyoyi. Ku lura da wannan, har da ajiye shi. Mutumin da ya yi rubutu kan tauhidi da fiƙihu da tarihi, ya kuma zauna ya rubuta kan maganin ciwon ido da na basir, bai ga ƙasƙanci a maganar rumbu da rumfar kasuwa ba. Ya yi ta jan hankalin Fulani makiyaya su zauna a gari, su yi karatu, su koyi sana'a. A fahimtata Wurno gwajin wannan ra'ayi ne: gari mai ganuwa, mai masallaci, mai makaranta, mai kasuwa, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, mulki ya tattara can, Wurno ya koma gunduma a ƙarƙashin Sarkin Sudan. Jakadu suka daina zuwa, ganuwa ta fara zubewa. Garuruwa da yawa in sarauta ta bar su kufai suke zama. Wanda ya je Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, ya san abin da nake faɗi. Wurno bai zama kufai ba saboda fadama da kasuwa. Su suka ɗauke shi fiye da shekara 120, kuma su ne yau suke nishi.

Ina yaro, ranar kasuwa tun asuba ake jin ta. Kukan jakuna shi ke fara tashe mu, sai ƙarar ƙwarya a kan matan Fulani da suka taho da nono da man shanu tun duhu bai washe ba. Raƙuma su durƙusa a gefe da gishiri da kanwa daga arewa. Masunta su zube kifin gulbi, ɗanye da banda. Layin maƙera daban, inda ake gyara kwasa da lauje a gabanka kana jira. Dukawa na can da jar fatar akuyar nan tamu, wadda aka daɗe ana tsallaka Sahara da ita har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko don ta can take isa gare su. A kara kuwa dillali zai kama hannun mai saye da na mai sayarwa, wannan ya ce "albarka", wancan ya ƙara, har a kai ga "sallama", a karɓi la'ada. Kasuwa ce kuma majalisa ce. Nan ake jin wanda ya rasu a ƙauye, nan ake neman aure, nan mai ƙarar ɗan'uwansa ke haɗuwa da dattijon da zai sasanta su kafin magana ta kai gaban alƙali.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masaƙi ne. Da rani zai miƙe zarensa tsawon rariya, ya zauna a masaƙa daga hantsi, ƙoshiya na kai da komowa, mu kuma muna naɗa masa zare. Audugar a ƙasar nan aka noma ta, tsofaffin mata suka kaɗa ta da mazari, marina suka rina, shi ya saƙa, maɗinki ya haɗa sawaye ya yi riga ko gwado. Sule guda ta shigo garin nan sai ta ratsa hannu biyar ko shida kafin ta fita. A gabana abin nan ya mutu. Yadin kanti ya zo da sauƙi, bayansa na waje ya zo da sauƙin da ya fi. Ranar da Baba ya naɗe kayan saƙarsa ya rataye a zaure, ya ce da ni: "Wanga aiki ya ƙare, kai ka riƙe boko." Ba ina kiran a dawo da ƙoshiya ba ne, zamaninta ya wuce kuma na yarda. Na kawo labarin ne don na ga yadda sana'a ke mutuwa: ba a yi mata jana'iza, a hankali take janyewa, sai wata rana ka nemi mai yi ka rasa. Irin wannan janyewar nake hangowa yanzu a noman rani. Samari sun ga iyayensu suna wahala wata huɗu suna tashi da bashi, sai su sayar da ɗan fangalin gado su sayi babur su yi kudu. Kowa ya bar gida gida ya bar shi, haka ne, amma yaron da gida bai ba shi abin ci ba, da me za ka riƙe shi?

Gulbin ma ya canza a rayuwata. Da, ruwa ke malalowa da damina ya rufe fadama, in ya janye ya bar laka mai albarka, a yi ban-ruwa da jigo da ƙwarya. Da aka gama madatsar Goronyo a 1984, ruwan ya koma hannun masu buɗe ƙofa. An samu alheri a ciki, noman rani ya faɗaɗa, injuna suka maye gurbin jigo, shinkafa da albasa da tafarnuwa suka yawaita har aka san Wurno da su a kasuwannin kudu. An kuma ga ɗaya fuskar, don wanda ya ga ambaliyar 2010 ba zai manta da ita ba, gidaje da gonaki da rumbuna duk ruwa ya ci. Maganar madatsar Lugu da magudanan da ke shayar da filayen noman rani magana ce ta gwamnati, ta fi ƙarfin aljihun ɗaiɗaikunmu, kuma ina roƙon waɗanda ke da kunne a sama cikinku kada su gaji da tunatarwa. Amma inji ya zo da nasa sharaɗi, wato mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ban-ruwa ya zama babban abin da ke jefa manomi cikin bashi. Masu ɗan hali sun koma inji mai aiki da hasken rana, sauran suna nan suna auna mai da kwalba.

Sai kuma abin da kowa ya sani, wanda ba na son tsawaita shi don ciwonsa bai warke ba. Gabashin jihar nan ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. A 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 14, kuma a watan Oktoba na shekarar aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, nan kusa da mu, aka kashe mutum fiye da 40, mutanen da suka fito saye da sayarwa. Daga ƙauyukan da aka tasa mutane suka shigo mana, mata da yara, wasu a gidajen dangi wasu a kangaye. Garin da aka gina don ya zama mafaka ya sake zama mafaka, sai dai wannan karon ba ganuwa, kuma rumbunansa ba su cika ba. Kasuwa takan watse da wuri yanzu, kowa na son ya isa gida da sauran rana. Baƙin 'yan kasuwa sun ragu, in kuwa masu saye suka ragu, wanda ya samu zuwa shi ke yanka farashi.

To ga abin da nake nema, kuma abu ne da ba ya buƙatar jiran kowa.

Ina roƙon ku haɗa hannu ku gina wa garin nan ɗakin ajiyar tafarnuwa da albasa, ku yi shi waƙafi, ku kuma ajiye masa jarin da za a riƙa bai wa manoma rance marar ruwa. Bari in fayyace yadda nake ganin zai yi aiki, domin na daɗe ina juya shi. Manomi ya cire kayansa, ya shanya su a inuwa har wuya ya bushe, ya kawo. A duba, a ware mai rauni da mai ruɓa, a auna, a rubuta sunansa da adadinsa, a ba shi takardar shaida. A nan take a ba shi rancen wani kaso na darajar kayan a farashin ranar, misali rabi, wanda zai ishe shi sallamar mai mai da mai taki ya kuma yi awo. Kayan suna nan nasa ne. Bayan wata huɗu ko biyar, da kasuwa ta tashi, ya zo ya sayar da kansa ko ya wakilta, a cire rancen daidai yadda aka ba shi ba ƙari, a cire ladan ajiya da aka yi yarjejeniya a kansa tun farko don biyan mai gadi da gyaran ɗaki, sauran ya sa aljihu. Kuɗin su koma asusu su jira kaka mai zuwa. Wannan jingina ce, malamanmu sun san babinta, sai a zauna da su su tsara sharuɗɗan yadda ba za a taɓa kuɗin ruwa ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe ƙungiyoyin manomansu suna yin irin haka da gero da wake, ba sabon abu na ƙirƙiro ba.

Ginin kansa ba na siminti mai tsada nake nufi ba. Albasa da tafarnuwa inuwa suke so da iska da nisa da danshi. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke yin rudu da kara da ciyawa, a ɗaga shi daga ƙasa. Matsalar rudu ita ce ƙanƙanta da gobara da ɓarawo da ruwan farko in ya zo da iska. Abin da ake buƙata shi ne rudu mai girma da ƙarko: daɓe mai tudu, katakai hawa-hawa yadda iska za ta ratsa ta ƙasa da sama, rufi mai hana zafi, tagogi masu raga, katanga da mai gadi. Cikinku akwai injiniyoyi da waɗanda suka karanci aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zanen wannan ba zai ɗauke su mako biyu ba. Shawarata a fara da tafarnuwa, don ta fi albasa haƙurin ajiya nesa ba kusa ba. Albasa tana rage nauyi, tana tsiro, kuma guda ɗaya in ta ruɓe sai ta ja na kusa da ita, dole a riƙa juya ta ana tsincewa. In an ƙware a kan tafarnuwa shekara biyu, sai a shigo da albasa.

Na san abin da wasunku za su ce, don na taɓa zama a irin waɗannan tarurruka. Za a ce an sha tara kuɗi da sunan gari ba a ga inda suka shiga ba. Gaskiya ne, ni ma na taɓa ba da nawa a wata tarawa da ba zan ambaci sunanta ba, har yau ban ji bayani ba. Amma maganin wannan a tsari yake. A sa makulli uku a hannun mutum uku da ba gidansu ɗaya ba. A karanta lissafi a bainar jama'a sau biyu a shekara, a manna shi a ƙofar ɗakin, a kuma tura hotonsa ta WhatsApp ga duk wanda ya ba da ko naira ɗari. A rubuta waƙafin a gaban alƙali, a sanar da hukumar zakka da waƙafi ta jiha, yadda ba mai iya cewa gadonsa ne bayan mun mutu. Sannan, don Allah, a nisanta shi da siyasa. Wanda ya ba da gudummawa Allah ya saka masa, amma kada a rubuta sunan kowa a bango, kada a fenta shi da launin wata jam'iyya. Ranar da manomi ya ji cewa sai ɗan wani ɓangare ake karɓar kayansa, ranar abin ya mutu.

Za a kuma ce, in farashi bai tashi ba fa? Yakan faru, musamman shekarar da kaya suka yi yawa ko aka rufe iyaka, kamar yadda aka rufe ta Nijar a 2023 kasuwar Illela ta yi sanyi. Shi ya sa na ce rabi za a ranta, ba duka ba, don ko kasuwa ta tsaya cik jarin ba zai nutse ba, manomin ma bai rasa komai ba sai ladan ajiya.

Kada a manta da mata a wannan aiki. Kakata ta wajen uwa tana cikin 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimin addini ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji. Ina tuna ta tana ba mu labarin yadda suke bin jajinsu mai malfa, su taka da ƙafa zuwa ziyara, suna rera waƙoƙin wa'azi a hanya. Wannan tsari Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa shi, ita da ta zauna a garin nan tare da mijinta Waziri Giɗaɗo, ta riƙa koyar da matan karkara ta hannun jajoji, da waƙa cikin Fulatanci da Hausa. Jikokin waɗannan matan su ne yau ke turara shinkafa, su ke ɓarar irin tafarnuwa, su ke yin ƙuli-ƙuli da daddawa, kuma da yawansu zawarawa ne da rikicin nan ya bari da marayu. Suna da adashinsu, sun fi mu riƙon amana a kan kuɗi, wannan na gani da idona. A ware musu kaso a cikin rancen, a sa biyu daga cikinsu a masu lura da lissafi. Yayyena da ƙannena mata da ke birni, wannan ɓangaren a wuyanku na rataya shi.

Akwai roƙo na biyu, ƙarami ne a kuɗi amma lokacinsa na ƙurewa. Tsofaffin da suka san garin nan suna tafiya. A unguwarmu kaɗai, cikin 'yan shekarun nan mun binne mutum uku waɗanda in ka zauna da su za su nuna maka inda kowace ƙofa take, inda marina take, wace zuriya ce ta zo da wace sana'a, daga ina kuma. Na yi nadamar rashin rubuta abin da suka faɗa mini. Yanzu kowane yaro yana da waya mai ɗaukar murya. A samu ɗalibai goma lokacin hutu, a ba su ɗan abin sayen kati da goron gaisuwa, su bi dattawa maza da mata gida-gida su ɗauka, a rubuta. Gidajen malamai kuma akwai takardu na ajami da Larabci a cikin gafaka da tukwane, gara na ci. A ɗauki hotonsu da izinin masu su, a bar musu kayansu. A kai kwafi cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, a bar kwafi a gari, a ciro ɗan littafi mai sauƙi da malamin firamare zai karanta wa 'yan aji biyar. Shi kansa Waziri Junaidu, jikan Giɗaɗo da Asma'u ta zuriya, da bai zauna ya tattara ya rubuta ba, da rabin abin da muke faɗa yau ba mu san shi ba.

Rumfunan kasuwa da ruwan sha da makewayi suna buƙatar gyara, kasuwar Achida ma haka duk da yawan dabbobin da ke shigarta, amma wannan na bar shi sai wani zama.

Ƙaramar hukumar nan ta haura mutum 160,000 tun a ƙidayar 2006. Ban san adadinku ba ku na waje, amma ina ganin motocinku da Sallah, layi har bakin hanya. Ina jin daɗin ganinku, wallahi, ina alfahari in an ce wancan ɗalibina ne. Na san kuma kuna aike, ba gidan da ba ya jiran saƙon wani a ƙarshen wata, kuma na san birni ma ba sauƙi. Sai dai aiken nan buhu ne, a ci ya ƙare a sake jira. Abin da nake nema kaɗan ne daga cikinsa a karkatar wuri guda, sau ɗaya, don maƙwabcina ya ci guminsa da kansa.

Ba zan nemi abu a wurinku ni in noƙe hannu ba. Ina da fili da na gada a bakin gari, kan tudu, ruwa ba ya kwanciya a wurin, mota kuma tana isa. Na yi shawara da iyalina da 'yan'uwana, mun yarda mu ba da shi waƙafi domin wannan ɗaki, kuma a shirye nake in sa hannu a gaban shaidu ranar da kuka ce. Ina roƙon iyayenmu sarakuna da malamai su sa mana albarka su kira zama a kwana na uku na Babbar Sallah, lokacin da mafi yawanku kuna gida, a zaɓi mutanen da za su riƙe aikin. Wanda ba zai samu zuwa ba ya wakilta wani daga gidansu. In aka fara gini da ɗaukewar ruwa, za a iya rufe shi kafin a cire tafarnuwa.

Maƙwabcin nan nawa na gan shi shekaranjiya a fadama yana gyaran fangali. Ya riga ya karɓi irin bana, bashi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
tsohon malaminku, daga Wurno.